Tsintacciyar Magana: Matsayin Tsohon Rubutu a Wurin Malamai

Rubutu yakan daɗe fiye da wanda ya yi shi, yakan kuma daɗe fiye da dalilin da ya sa aka yi shi. Wasiƙar da malami ya aika wa abokin jayayyarsa, amsar da mufti ya ba wani mai tambaya, ɗan bayanin da almajiri ya rataya a gefen littafi lokacin da ake ba shi karatu, duk suna iya shekara ɗaruruwa a cikin gafaka ko adaka, sai wata rana wani ya buɗe ya ci karo da su. Yanzu an ƙara da kaset ɗin wa'azi da faifan bidiyo da saƙon waya, waɗanda gara ba ta ci. Wanda ya tsinci irin wannan magana yakan ji kamar ya riƙe hujja a hannu. Malaman Musulunci ba su yarda da hakan kai tsaye ba. Tun ƙarnonin farko suke tattauna abin da tsintaccen rubutu ke tabbatarwa da abin da ba ya tabbatarwa, suka kuma ɗora nauyi a kan mai tsintuwar da mai maganar duka.

Masana hadisi ne suka fara yi wa mas'alar suna da ƙa'ida. Ibnus Salah, wanda ya koyar a Darul Hadis ta Ashrafiyya a birnin Dimashƙa, ya kuma rasu a 1245, ya jera hanyoyi takwas na karɓar hadisi. Ta sama ita ce ji daga bakin malami, sai karanta masa yana saurare, sai ijaza, har a gangaro zuwa ta takwas, wadda ake kira wijada: mutum ya samu ruwaya a rubuce da hannun wani malami, alhali bai ji ta daga gare shi ba, bai kuma samu izinin ruwaito ta ba. Mai wijada ba shi da damar cewa wane ya ba shi labari. Iyakarsa ya ce ya samu kaza a rubutun wane. In kuwa bai tabbatar da hannun ba, sai ya sassauta lafazi ya ce an ce rubutun wane ne, ko yana zaton nasa ne. Abdullahi ɗan Imamu Ahmad bin Hambal ya bi wannan ladabi a cikin Musnad. Hadisan da ya ji daga mahaifinsa ya kawo su da lafazin ji, waɗanda kuwa ya tarar a takardun mahaifin ya faɗa ƙarara cewa tarar da su ya yi. A gidan ya tashi, ya fi kowa sanin hannun babansa, duk da haka bai yarda ya gauraya biyun ba.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Larabcin farko ana yawan rubuta shi babu ɗigo babu wasali, mai karatu shi kaɗai kuwa ba shi da wanda zai tsayar da shi in ya kauce. Imamu Muslim ya kawo misali a kan Ibnu Lahi'a, alƙalin Masar, wanda ya ɗauki wani hadisi daga takardar Musa bin Uƙba ba tare da ya ji shi ba. Hadisin yana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace wani ɗan wuri a masallaci don yin sallah. Harafi ɗaya ya rikice wa Ibnu Lahi'a, sai ya ruwaito cewa Annabi ya yi ƙaho a masallaci. Ga kuma matsalar ƙirƙira. A tsakiyar ƙarni na 11 wasu Yahudawa suka kawo wa wazirin halifa a Bagadaza wata takarda mai cewa Manzon Allah ya yafe wa mutanen Haibara jiziya, da sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa Haɗibul Bagdadi, ya duba ya ce ta jabu ce: a cikin shaidun akwai Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai a shekarar buɗe Makka, bayan Haibara, akwai kuma Sa'adu bin Mu'azu, wanda ya rasu shekara biyu kafin yaƙin Haibara. Sanin ranakun haihuwa da mutuwa, wanda wasu ke ganin aikin banza ne, shi ya karya takardar. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, kuma masana hadisi da wannan ido suka fara kallon tsintaccen rubutu.

Sai dai ba a tsaya nan ba, don da an tsaya da ilmi ya ƙare. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, wanda ya rasu a 1149, ya bayyana a wani littafinsa mai suna Al-Ilma'u cewa galibin masana hadisi da fiƙihu na Malikiyya ba sa ganin a yi aiki da wijada, amma an ruwaito halascin hakan daga Imamu Shafi'i da wasu manyan almajiransa. Ibnus Salah ya rinjayar da yin aiki da ita matuƙar an amince da ingancin rubutun, yana mai kafa hujja da cewa a zamunan baya-baya babu wata mafita. Gaskiyarsa ta ƙara fitowa bayan da aka soma ɗab'i. Mai karanta Sahihul Buhari bugun Alƙahira ko Bairut a yau, in ba shi da ijaza, a kan wijada yake tafiya ko da bai san sunanta ba. Abin da ya sa aka amince masa shi ne kwafin littafin sun yi yawa, sun bazu ƙasa-ƙasa, an gwada su da juna. Takarda ɗaya tilo da aka zaro daga ƙasan adaka ba ta da wannan gata. Shi ya sa har yau malaman zaure suke ƙin a ce mutum littafi ne malaminsa, shi ya sa kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, don lissafa waɗanda ya yi karatu a gabansu.

In ta tabbata cewa maganar ta mutumin ce, saura a san ko a kanta ya mutu. A nan ne mas'alar ta fi faɗi, a nan ne kuma masu tsintuwa suka fi tuntuɓe. Imamu Shafi'i ya yi fatawa a Iraƙi, ya rubuta Al-Hujja, sannan ya koma Masar wajen shekara ta 814 ko 815, inda ya zauna har rasuwarsa a 820. A ɗan wannan zaman ya sake duba ra'ayoyinsa da yawa, abin da ya fito daga nan shi ne littafin Al-Ummu. Mabiyansa suka kira na Iraƙi tsohuwar magana, na Masar sabuwa, suka kafa ƙa'ida cewa fatawa a kan sabuwa take. Akwai 'yan mas'aloli da manyan mazhabar suka zaɓi tsohuwar, kamar cewa lokacin Magariba yana kaiwa har ɓacewar jan shafaƙi. Amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya yi wani bayani mai kaifi: wanda ya yi fatawa da maganar da Shafi'i ya janye, ijtihadin kansa ya kai shi, don haka kada ya jingina ta ga Shafi'i. Ma'ana, mutum yana iya ganin tsohon ra'ayin malami ya fi sabon ƙarfi, ya riƙe shi, amma ba shi da ikon cewa malamin ne ke faɗa.

Mazhabar Malikiyya tana da irin wannan a cikin tushenta. Almajiran fiƙihu sun san mas'aloli huɗu na Mudawwana da ake kira shafaffu, waɗanda Imamu Malik ya fara ba da amsa a kansu, daga baya ya umarci almajirinsa Ibnul Ƙasim ya shafe. Ɗaya ita ce auren mai ciwon ajali: da farko ya ce a raba auren ko da majinyacin ya warke, daga baya ya ce in ya warke aure ya zauna. Ita kanta Mudawwanar daga gyara ta samu. Asad bin Furat ya ɗauko tambayoyi daga almajiran Abu Hanifa a Iraƙi, ya kai su Masar, Ibnul Ƙasim ya amsa masa bisa abin da ya sani na ra'ayin Malik, ya koma Ƙairawan da littafin da aka kira Asadiyya. Wani malami mai suna Sahnun ya kwafe shi, ya sake kai wa Ibnul Ƙasim, shi kuwa ya janye amsoshi da dama, ya gyara wasu, ya rubuta wa Asad cewa ya daidaita kwafinsa da na Sahnun. Asad ya ƙi. Bai ƙirƙiri komai ba, abin da ke hannunsa da gaske ya ji shi daga bakin malamin, amma mutane suka bar littafinsa suka koma na Sahnun. Asad ya rasu a 828 yana jagorantar yaƙi a tsibirin Sisili, Sahnun ya rasu a 854, littafinsa kuwa ya zama uwar mazhaba.

Kada a ɗauka cewa kullum ta ƙarshe ce ke rinjaye. Akwai maruwaitan da ƙwaƙwalwarsu ta rikice da tsufa, kamar Aɗa'u bin Sa'ib na Kufa. Masana suka karɓi abin da irin su Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga gare shi tun yana daram, suka yi dakace a kan abin da aka ji bayan rikicewar. A nan tsohuwar magana ta fi sabuwa daraja. Abin da ya haɗa wannan da labarin Shafi'i shi ne kwanan wata. Maganar da ba a san lokacin da aka yi ta ba, ba a iya gina hukunci a kanta, ko ta yabo ce ko ta suka.

Bayan wannan akwai halin da aka yi maganar a cikinsa. Annabi ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, daga baya ya halatta, ya kuma bayyana cewa ya hana ne saboda mabuƙatan ƙauye da suka kwararo Madina a waccan shekarar. Wanda ya tsinci hadisin farko shi kaɗai zai haramta wa mutane abin da yake halal, kuma ruwayar da ke hannunsa ingantacciya ce. Shihabuddin Ƙarafi, Bamalikin Masar da ya rasu a 1285, ya faɗaɗa wannan zuwa fatawoyin malamai. A ganinsa duk hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa in al'adar ta sauya, kuma mufti in baƙo ya zo masa da tambaya, sai ya fara tambayarsa al'adar garinsu kafin ya buɗe littafi. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da bangon gidan ya faɗi a zamanin tsoro. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi ajiye kare a gida, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye.

Tarihin wannan yanki yana da misali babba. A ƙarshen ƙarni na 15 Askiya Muhammadu na Songhai ya yi wa Shehu Magili tambayoyi a kan Sunni Ali da mutanensa, da kuma hukuncin masu furta shahada suna haɗawa da ayyukan gargajiya. Bayan kusan shekara 300 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko waɗannan amsoshi ya kafa hujja da su a littattafansa, musamman Sirajul Ihwan, a kan sarakunan Hausa. Da yaƙi ya isa Barno, Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, sai Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi ya ɗauki alƙalami. Bai ƙaryata littattafan magabata ba. Abin da ya musa shi ne cewa hukuncin ya hau kan mutanen Barno, waɗanda ke sallah, suna azumi, suna ba da zakka. Ya ce cin hanci da danne dukiyar marayu da fitar mata babu lulluɓi saɓo ne, ba kafirci ba, ana kuma samunsu har a Masar. Muhammadu Bello ya mayar masa da cewa sarautar Barno ta mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu, ana kuma yanka wa itatuwa da duwatsu. Dukansu biyu malamai ne na mazhaba ɗaya, littattafansu ɗaya. Saɓaninsu a kan ko wancan hali shi ne wannan.

Akwai wani abin lura game da waɗannan wasiƙu. Hanyar da aka fi saninsu ta ita ce Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya kammala a 1812. Ya yi adalcin kawo maganar abokin jayayyarsa da faɗinta, shi ya sa mai karatu a yau yake iya jin ƙarfin hujjar Elkanemi. Amma littafin nasa ne, shi ya tsara, shi ke da kalmar ƙarshe. Galibin tsofaffin muhawarori haka suke isowa, ta hannun ɓangare ɗaya, wani lokaci ma amsa ce kawai ta tsira, tambayar ta ɓata. Masanin falsafa Aflatun ya hango wannan illa a littafinsa Fedrus, inda ya sa Sukurat yana kokawa cewa rubutu ba ya amsa tambaya, abu ɗaya yake ta maimaitawa, yana shiga hannun wanda ya dace da wanda bai dace ba, in kuma aka zage shi ba ya iya kare kansa sai mai shi ya zo. Guntun minti biyu da aka yanko daga tafsirin awa biyu, aka yaɗa a WhatsApp bayan shekara ashirin, ya fi kowane tsohon littafi shiga wannan hali.

Daga nan mas'alar take barin fagen ilmi ta shiga fagen ɗabi'a. Shin ya halatta a tono tsohuwar maganar mutum don a kunyata shi da ita? Masana falsafa sun daɗe suna tambayar me ya sa mutumin yau yake shi ne na jiya. John Locke na Ingila, a bugu na biyu na babban littafinsa a 1694, ya rataya amsar a kan sani da tunawa: iyakar inda tunanin mutum ya kai a baya, nan ne iyakar abin da yake shi. Musulunci bai bar lamarin ga tunawa ba. Suratu Ƙaf ta bayyana cewa kowace kalma akwai mai tsaro da ke rubuta ta, Suratul Mujadala kuma ta ambaci ayyukan da Allah ya ƙididdige alhali masu su sun manta. Mutum ɗaya ne, maganar tasa ce. Abin da ke sauya hukuncinta shi ne tuba. Buhari da Muslim sun ruwaito jayayyar Annabi Musa da Annabi Adamu, inda Musa ya zargi Adamu da fitar da zuriyarsa daga Aljanna, Adamu kuwa ya rinjaye shi. Ɗaya daga cikin bayanan da malamai suka yi shi ne cewa zargin ya zo bayan an karɓi tuba, kuma ba a zargin wanda ya tuba. Abul Hasan Al'ash'ari ya kai kusan shekara 40 da haihuwa yana tare da Mu'utazilawa, yana almajirin Jubba'i, kafin ya hau mumbari a masallacin Basra ya sanar da barinsu. Wanda zai auna shi da abin da ya faɗa kafin wannan rana ya zalunce shi, ko da kowace kalma da ya kawo gaskiya ce.

Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta haɗa mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da giba a wuri ɗaya ta hana su, kuma tonon tsohuwar magana don cin mutunci yakan tara ukun. Sai dai haramcin yana da iyaka. Nawawi ya lissafa wurare shida a Riyadus Salihina da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai ƙarar azzalumi da gargaɗin jama'a. Ilmin tantance maruwaita gaba ɗaya a kan wannan rangwame aka gina shi. Mai neman shugabanci da ya taɓa yin alkawari a bainar jama'a, ko malamin da ke musun ya taɓa faɗin abin da ya faɗa, tuna musu ba tonon asiri ba ne. Ma'aunin shi ne ko maganar tana nan tana aiki a kan mutane, ko kuwa ta mutu sai mai tonon ne ke son hura mata rai.

Shi ma mai maganar ba a sake shi ba. Janyewa a zuci ba ta wadatarwa in wasu na nan suna aiki da abin da ya faɗa. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi bin Mas'ud ya yi wa wani fatawa a Kufa da halascin auren uwar matar da ya rabu da ita kafin su tare. Da ya je Madina ya bincika, ya gane ba haka ba ne, sai ya koma Kufa, bai shiga gidansa ba sai da ya nemo mutumin ya umarce shi da rabuwa da matar. An kuma ruwaito cewa Hasan bin Ziyad, almajirin Abu Hanifa, ya yi kuskure a wata fatawa, bai san inda mai tambayar yake ba, sai ya ɗauki mai shela yana zagayawa yana sanarwa, shi kuwa ya dakatar da fatawa har mutumin ya bayyana. Wannan ɗabi'a ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Ogastin, limamin Kirista na Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake yau, ya zauna wajen shekara ta 426 ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure da inda yake nan a kan bakansa.

Ba kowace janyewa ke rushe abin da ya gabata ba. Sayyidina Umar ya yi hukunci a gadon matar da ta bar miji da uwa da 'yan'uwa na uwa ɗaya da kuma shaƙiƙai. Miji ya ɗauki rabi, uwa sudusi, 'yan uwa ɗaya sulusi, shaƙiƙai suka tashi babu komai. Da irin mas'alar ta sake zuwa, sai ya haɗa shaƙiƙan da 'yan uwa ɗaya a cikin sulusin, wanda shi ne ra'ayin da Malik da Shafi'i suka bi. Aka tuna masa hukuncinsa na farko, bai musa ba, bai kuma warware shi ba: wancan ya tafi a yadda aka yanke, wannan ma haka. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya rushe ijtihadi. Bambancin wannan da na Ibnu Mas'ud shi ne fatawar Kufa ta ci karo da nassin aya ta 23 ta Suratun Nisa'i, don haka dole a koma a kwance ta, hukuncin Umar kuwa ra'ayi ne da wani ra'ayi ya maye.

Inda aka fi tsanantawa shi ne haƙƙin mutane. Wanda ya yi iƙirari da laifin da haddinsa haƙƙin Allah ne zalla, kamar zina, in ya janye ana karɓa, haddi ya faɗi. Wanda ya yi iƙirari da bashi ko dukiyar wani, janyewarsa ba ta da amfani. Ɓarawon da ya amsa laifi sannan ya janye yakan tsira da hannunsa, amma sai ya biya kayan. Buhari ya ambaci wasu mutum biyu da suka shaidi wani da sata a gaban Sayyidina Ali, aka yanke masa hannu, daga baya suka dawo da wani mutum daban suka ce sun yi kuskure, wannan ne ɓarawon. Ali ya ƙi karɓar shaidarsu a kan na biyun, ya kuma ɗora musu diyyar hannun na farko.